Kowane Wata da Littafinsa a Zongon Kumasi

Da an ga jinjirin watan azumi, masallatan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo sai su sauya kama. A shimfiɗa tabarmi har bakin titi, a ɗaura lasifika, malam ya zauna da Jalalaini a gabansa, mai jan baƙi a gefensa. Shi ya ja aya, malam ya warware ta da Hausa, domin a Zongo Hausa ce bakin kowa, ko kai Mosi ne ko Dagomba, Bazabarme ko Bawangare. Tela ya tsayar da kekensa, dattijo ya jingina da bango yana jan carbi, mata kuma suna nasu ɓangaren. Wadda aikin buɗa-baki ya riƙe a gida tana bi ta rediyo.

A nan littafi ba ya zuwa gaba gaɗi, lokacinsa yake jira. Ramadan na Alƙur'ani ne da tafsiri, kuma akwai alkawarin da mutum kan ɗaukar wa kansa: izu biyu kullum, sittin kafin Salla. Samari har tsiya suke yi wa juna a kai. "Malam, kana izu na nawa?" Wanda aka bari a baya sai ya rama a goman ƙarshe, tsakanin asham da tahajjudi.

Watan Mauludi kuwa na bege ne. A fito da Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, a haɗa da Diwanin Shehu Ibrahim Inyas, wanda ziyararsa ta 1952 ta bar babban tasiri a Kumasi. Ba a karanta waɗannan a zuci. Rerawa ake yi, ana amshi, har dare ya raba. Tushen abin ya daɗe: tsoffin malaman Wangarawa ba sa naɗa wa ɗalibi rawani sai ya sauke Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa a gaban malami, baki da baki.

Ba mu kaɗai ke ware wa littafi lokaci ba. A ƙasar Norwe, hutun Ista na labaran kisa da binciken 'yan sanda ne. Asalin al'adar talla ce. A 1923 kamfanin ɗab'i na Gyldendal ya sa tallar wani ƙagaggen labari a shafin farko na jaridar Aftenposten, aka tsara ta kamar rahoton fashin jirgin ƙasan Bergen. Jama'a suka ɗauka gaske ne, littafin ya yi kasuwa. Har yau mutanen ƙasar kan tafi bukkokinsu na kan duwatsu da irin waɗannan littattafai, har a jikin kwalin madara an sha buga musu gajeren labarin da za su warware. A Aisland kuma littafi ne kyautar daren jajibirin Kirsimeti, tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kayan waje suka yi wuya amma takarda na samuwa.

Su da ido suke karatu, kowa shi kaɗai a ɗakinsa. Na Zongo da kunne ne, cikin taro, kuma a ganina ya fi daɗi. Sai dai ƙagaggen labari ba shi da wata a Zongo. Da can tatsuniya ke riƙe da dare, Gizo a gidajen Hausawa, Ananse a gidajen maƙwabta Asante, kuma ba a yin ta da rana. Yanzu finafinan Kano da wayar hannu sun ci wannan fili. Ga kuma wata matsala: yaron Zongo yana karanta Turanci a boko, Larabci a makarantar malam, amma Hausar da ya tashi da ita ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ke koyarwa a makarantunta. Ta yaya zai ɗauki Magana Jari Ce a hutu, alhali ba a taɓa nuna masa ƙ da ɗ ba?

Tsakanin Kumasi da yankin waɗancan ƙasashe ma akwai tsohuwar alaƙa ta takarda. A ɗakin karatu na masarautar Danmak da ke Kopenhagen akwai ɗaruruwan shafukan Larabci na Musulmin Kumasi, yawanci laƙani da addu'o'i, har da wasiƙu. Masana na ganin sun faɗa hannun Turawan Danmak ne a yaƙin Katamanso na 1826, inda aka karya rundunar Asante.