Keke a Hunturun Turai: Tsakanin Ƙanƙara da Gishirin Hanya

A garin Oulu da ke arewacin ƙasar Finlan, inda a tsakiyar watan Disamba rana kan fito ta faɗi cikin ƙasa da sa'o'i huɗu, sanyi kuma kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, yara 'yan firamare kan hau kekunansu su tafi makaranta a kan dusar ƙanƙara. Garin, mai mutane fiye da 200,000, yana da hanyoyin kekuna da na masu tafiya a ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 900, kuma a can ne aka yi taron farko na ƙasa da ƙasa kan hawan keke a lokacin hunturu, a shekarar 2013.

A birnin Landan kuwa, inda da wuya sanyi ya yi irin wannan tsanani, mutum kan jingine kekensa ranar Juma'a lafiya ƙalau, ya tarar da sarƙar ta yi ja wur da tsatsa ranar Litinin. Ga mai hawa don motsa jiki wannan ɓacin rai ne kawai. Amma ga ɗalibi, ko wanda ke kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke, batu ne na abin sawa a baka.

Abin da ya raba garuruwan biyu shi ne gishiri. A Oulu, akasari ana share dusar ne a danne ragowar ta yi tauri, kuma tsananin sanyi kan bar ta a bushe. A Birtaniya kuwa, da zarar an yi hasashen ƙanƙara sai motocin ƙananan hukumomi su bi tituna suna watsa gishirin dutse, wanda ake haƙo mai yawa daga cikinsa a mahaƙar Winsford da ke gundumar Cheshire. Gishirin yana hana ruwa daskarewa, ya kuma ceci rayuka, babu mai musun haka. Sai dai ruwan gishirin da taya ke fallatsawa shi ne ke cin ƙarfe, domin yana hanzarta tsatsa, yana kuma jawo laima ko bayan keken ya bushe.

Sarƙa ce ke fara ji a jikinta. Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san yadda ƙurar hunturu ke haɗuwa da baƙin mai ta zama wani kunu mai cinye haƙoran keke. To, haka abin yake a nan, illa dai tsakuwa da gishiri ne a madadin ƙura. Saboda haka labta wa sarƙa mai ba gyara ba ne. Abin da masu gyaran kekuna ke ba da shawara shi ne a ɗauraye keken da ruwa bayan tafiya a kan titin da aka watsa wa gishiri, a goge sarƙar da tsumma har ta bushe, a ɗiga mata man da aka yi musamman don lokacin jiƙa, ɗigo guda a kowace gaɓa, sannan a sake goge wanda ya yi saura a waje. Aikin bai wuce na minti biyar ba, ko da yake, a faɗi gaskiya, minti biyar a tsaye cikin duhu da sanyi ba ƙaramin abu ba ne. Bokiti da soso sun wadatar. Injin wanke mota mai feso ruwa da ƙarfi kan tura ruwan cikin boris ya wanke giris ɗin da ke kare shi.

Sarƙar da aka yi wa sakaci kan ƙara tsawo. Idan ƙarin ya kai kashi 0.75 cikin ɗari ba a sauya ta ba, sai ta bi haƙoran giya ta cinye, kuɗin gyara kuma ya ninka.

Birki ma yana da nasa. Robar birki da ta kwashi tsakuwa kan goge bakin wili kamar ana wasa wuƙa, har ya yi siriri ya tsage. Akwai kuma haɗarin da baƙi ba su cika sani ba: idan aka shigar da keke ɗaki mai ɗumi, dusar da ke jikinsa kan narke ta gangara cikin bututun wayar birki, da an fita da safe sai ta sake daskarewa, a matsa birki ya ƙi motsi. Don haka ko dai a bar keken a rumfa mai sanyi amma a bushe, ko kuma a tabbatar ya bushe sarai kafin a fita da shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa 'yan Finlan da yawa ke riƙe da keke maras giya, irin Jopo da kamfanin Helkama ya fara ƙerawa a 1965, wanda ake taka birkinsa ta hanyar mayar da feda baya. Babu wayar da za ta daskare.

Sandar sirdi kan maƙale har abada idan ta aluminiyam ce a cikin gangar jikin ƙarfe kuma ruwan gishiri ya shiga tsakani. Ɗan giris a farkon hunturu ya isa ya hana.

A kan ƙanƙara mai santsi, tayoyi masu ƙananan ƙusoshi su ne magani. Kamfanin Schwalbe na Jamus yana ba da shawarar a fara yin kimanin kilomita 40 da su a kan kwalta, domin ƙusoshin su zauna daram. A kudancin Ingila, inda ƙanƙarar ba ta daɗewa, a ganina asarar kuɗi ce. Gara a ɗan rage iskar taya domin ta kama ƙasa, a kuma sa marufin taya mai tsawo wanda zai tare ruwan titi.

Dokar Birtaniya ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, a Landan kuwa rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Sanyi yana rage ƙarfin batir. Masu keke mai lantarki su cire batirin su shiga da shi ɗaki, su bari ya ɗan yi ɗumi kafin su sa shi a caji, domin cajin batirin litiyam a sanyin da ya yi ƙasa da sifiri yana yi masa lahanin da ba ya gyaruwa.