Daga Birnin Lalle Zuwa Jami'a: Ɗalibi Da Jama'arsa

Birnin Lalle, wanda ke kusa da Dakwaro cikin jihar Maraɗi, gari ne mai tarihi, domin a nan sarakunan Gobir suka zauna bayan fitowarsu daga Azbin, tun kafin su kafa Alƙalawa. A da, yaron garin da ya ci jarrabawar bakaloriya sai ya nufi Yamai, inda aka kafa jami'ar farko ta ƙasa a 1973. Tun daga 2010 kuwa Maraɗi ta sami tata jami'a, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo.

To amma kusancin hanya bai kawar da wahala ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isar kowa, kuɗin tallafin karatu yakan makara, haya a birni kuma tana da tsada. Ɗan talaka da ya zo ba shi da masauki yana iya barin karatu tun shekarar farko, wahalar iyayensa ta tashi a banza.

Nan ne zaman tare ke nuna amfaninsa. Ɗaliban da suka fito daga gunduma ɗaya sukan haɗa ƙungiya. Su ke tarbar baƙo a tasha, su nuna masa wurin rajista, su raba tabarma da tuwo da shi. In ɗayansu ya kwanta ciwo, sai a yi karo-karo a sayi magani. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi cikin gayya da samariya.

Bayan haka akwai babbar ƙungiyar ɗaliban Nijar, wato USN, wadda aka kafa a 1960. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai 3 suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai wajen zanga-zangar neman hakkinsu, kuma ƙungiyar ta sami kujera a taron ƙasa na 1991.

Sai dai kada taro da yajin karatu su cinye shekara, gama ɗalibi karatu ya zo yi. Idan hutun damina ya yi kuwa, ya kamata ya koma gida, ya kama hauya, ya koyar da ƙannensa ƴan lakwal, ya taimaki malaman yaƙi da jahilci. Gero da awakin da aka sayar don karatunsa bashi ne, kuma mutanen Birnin Lalle suna jiran biya.