Kuɗin tikiti da ruwan fanfo: wa ke yanke shawara a Kurfai?

 Yau za mu nufi jihar Tilaberi, mu sauka Filinge da ƙasar Kurfai. Abin da zai kai mu shi ne ma'aikatar magajin gari, gidan da ake yanke shawarar ƙauyen da za a haƙa wa rijiya bana da wanda zai jira baɗi, da inda za a gina aji, da abin da za a yi da kuɗin da ake karɓa a hannunku ranar kasuwa. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

In ka taso daga Yamai ka bi ta Baleyara, tafiyar kilomita wajen 180 za ta kai ka Filinge, a cikin kwarin Dallol Boso. Kwarin nan hanyar wani tsohon kogi ce da ya daina gudu tun kafin kakannin kakanninmu, amma ya bar ruwa a ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa haƙa rijiya a cikin kwari ba ya ba da wuya sosai, shi ya sa kuma mutanen Bonkuku ke noman dankalin turawa da rani har su kai kasuwannin Yamai. Amma da ka hau tudu ka ba kwarin baya, sai labari ya canza. Can sai an nutsa ƙwarai kafin a tarar da ruwa, wani wurin ma sai da injin haƙa. Ku riƙe wannan bambanci na kwari da tudu, don za mu dawo kansa.

Gundumar Filinge a yau ƙananan hukumomi huɗu gare ta: Filinge ta birni, Kurfai ta Tsakiya mai mazauni a Cikal, Imanan mai mazauni a Bonkuku, sai Tondikandiya mai mazauni a Damana. Da can Abala da Sanam da Tagazar duk a ciki suke, sai a 2011 aka ɗaga Abala da Baleyara suka zama gundumomi. A ƙidayar 2012 ƙaramar hukumar Filinge ita kaɗai ta haura mutum dubu 90, kuma mafi yawansu ba a cikin gari suke ba, suna ƙauyuka da rugage.

Ƙananan hukumomin nan ba su daɗe ba. Dokokin watan Yuni na 2002 ne suka kafa guda 265 a faɗin Nijar, aka kuma zaɓi kansalolinsu na farko ranar 24 ga Yuli, 2004. Tsarin da aka bi har zuwa 2024 shi ne jama'a su zaɓi kansaloli, kansaloli su zaɓi magajin gari a cikinsu. A lokacin sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna halartar zama su ba da shawara, amma ba sa jefa ƙuri'a. Prefe, wato shugaban gunduma, kuma ya duba ko abin da aka yanke bai saɓa wa doka ba. Kundin dokar ƙananan hukumomi na Satumba 2010 ya ce majalisa ta zauna sau huɗu a shekara, kuma ƙofa a buɗe, duk ɗan gari na iya shiga ya saurara. Mutum nawa suka san da wannan dama? Mata nawa daga ƙauyukan tudu suka taɓa jin an ce musu ranar kaza za a yi zaman kasafin kuɗi?

To, ina kuɗin ke fitowa? Da farko akwai lanho, wato harajin kai. A ƙauyuka da rugage ana biyan sefa 700 a kan kowane mutum da ya isa biya, wato dala 140 a lissafinmu na kasuwa, kuma masu gari da ardo-ardo ne ke tattarawa. Sai tikitin kasuwa: mai tebur, mai rumfa, mai tallar ƙosai, mai amalanke. Sai na tasha, sai na mayanka. Mafi tsoka a ƙasar kiwo irin wannan shi ne na kasuwar dabbobi, inda ake biya a kan sa da raƙumi da rago da akuya. Kurfai ba baƙuwar dabba ba ce. A arewa da Filinge kaɗan ne Tukunus take, inda tun shekarun 1950 ake kiwo da inganta jajayen shanun Azawak da suka yi suna har wajen Nijar. Ban da waɗannan akwai tallafin gwamnati da ke bi ta hukumar ANFICT, wadda aka kafa a 2008 don ba ƙananan hukumomi kuɗi, akwai kuma abin da ƙungiyoyin agaji ke kawowa.

Ko'ina ka je a Nijar za ka ji ma'aikatan magajin gari na kukan cewa mutane ba sa biyan lanho. Gaskiya ne ana ƙin biya. Amma ka tsaya bakin kasuwa ka saurari wanda ya ƙi, tambaya ɗaya ce a bakinsa: mi aka yi da na bara?

Wannan tambaya tana da tushe a Kurfai, kuma ya kamata mai karɓar haraji ya san shi. A tsakiyar shekarun 1920, a nan Cikal, aka fara wani sabon salon bori da aka fi sani da Hauka, wanda wata mata mai suna Shibo ta jagoranta. Mabiyansa suka juya wa mulkin Nasara baya, har kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama su aka tsare. Masana tarihi da dama sun karanta wannan al'amari a matsayin tawayen talakawan da haraji da aikin dole suka ishe su. Ba a jima ba aka shiga yunwar 1931, shekarar fara, wadda ta yi wa yammacin Nijar mummunar ɓarna, kuma duk da haka ba a sassauta karɓar haraji ba. Aikin dole kuwa sai a 1946 aka soke shi. Ƙasar da kakanninta suka ga haka ba za ta saki kuɗinta don an buga mata tsawa ba. Alkawarin 2004 shi ne a wannan karon kuɗin zai tsaya a gida, kuma ƴan gida ne za su ce ga abin da za a yi da shi. A ganina duk darajar ƙaramar hukuma a kan wannan alkawari ta rataya.

(Kiɗa)

Mu koma kan ruwa. Dokar ruwa ta 2010 ta ɗora wa ƙaramar hukuma kula da ruwan sha a karkara. Inda aka haƙa rijiyar burtsatse aka kafa tanki da ƴan fanfuna, kayan na ƙaramar hukuma ne, sai ta ba wani ɗan kasuwa kwangilar gudanarwa. Shi zai sayar da ruwa a kan farashin da aka amince, ya riƙa ware wani kaso a asusu don gyara da sauya kayan da suka tsufa. Wannan asusu shi ne ran aikin. In ana zuba masa kuɗi, ranar da injin ya tsaya za a tashe shi cikin ƴan kwanaki. In ba a zubawa, tanki zai tsaya ƙyam a tsakiyar gari ba ɗigo, ƴan mata su koma igiya da guga, wasu su bar makaranta saboda layin rijiya. Mai sayen jarka ɗaya kullum ya riga ya biya kuɗin gyara tun kafin injin ya lalace. Hakkinsa ne ya ji nawa ke cikin asusun, kuma wa ke sa hannu a fitar.

Sai batun inda za a kai sabon aiki, kuma nan ne kwari da tudu ke karo. Kuɗin da zai haƙa rijiyoyi da yawa a kwari, wataƙila ɗaya tak zai yi a kan tudu. Wanda ke son a ƙirga masa ayyuka da yawa zai zaɓi kwari. Wanda ke duban inda ƙishirwa ta fi tsanani zai hau tudu, ko da aikin zai zo ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin raya ƙasa na shekara biyar, wanda ake zagaya ƙauyuka a ji buƙatunsu kafin a rubuta. Amfanin kundin shi ne ya hana a kai fanfo garin mai baki a bar garin mai buƙata. In aka rubuta shi aka kulle a cikin kabad, to an ɓata wa mutanen da aka tara ranarsu ne kawai.

Akwai kuma burtali da makiyaya da mashaya. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare su, akwai kuma kwamitocin filaye tun daga ƙauye har ƙaramar hukuma, inda manomi da makiyayi da sarki da ma'aikacin gwamnati ke zama tare. Kafa turakun siminti a gefen burtali ba aiki ne da ake yi wa biki ba, ba ya kuma fitowa da kyau a hoto. Amma duk wanda ya taɓa ganin abin da ke biyo baya in garke ya faɗa gona kafin a saki gonaki, ya san kuɗin turaku ba asara ba ne.

Makaranta da likita kuwa, a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Magadan gari da yawa sun yi ta kukan cewa aikin ya iso, kuɗinsa bai biyo shi yadda ya kamata ba, kamar a ɗora wa jaki kaya a hana shi harawa. Sakamakon muna ganinsa a rumfunan kara da ake kafawa kowace kaka a matsayin aji. Gobarar da ta cinye yara a irin waɗannan rumfuna a Yamai cikin Afrilu 2021, da ta Maradi cikin Nuwamba na shekarar, ta isa ta sa kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki ginin aji da muhimmanci. Kada kuma a manta da takardar haihuwa. A ma'aikatar magajin gari take fitowa, kuma yaron da ba shi da ita zai gamu da cikas ranar jarrabawa.

A kan wannan duka sai ga matsalar tsaro. Tun 2017 sassan jihar Tilaberi ke cikin dokar ta-ɓaci, a farkon 2020 aka hana hawa babur, ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar, mutanen ƙauyukan arewa wajen iyakar Mali da yawa sun bar gidajensu sun nemi mafaka a manyan garuruwa. Kurfayawa sun karɓi baƙi, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai fanfon da aka yi wa unguwa ɗaya yanzu unguwa biyu ke sha, aji ya cika, ɗakin haihuwa ya cika, kasuwa kuma ta ragu, kuɗin tikiti ya ragu da ita. Wanda ke riƙe da ma'aikatar magajin gari a irin wannan lokaci yana cikin aiki mai nauyi, kuma adalci ne a faɗi haka.

(Kiɗa)

Kansalolin da aka zaɓa ranar 13 ga Disamba, 2020 ba su kai ƙarshen wa'adinsu ba. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, 2023, hukumomin soja ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani sun rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi ranar 4 ga Afrilu, 2024, aka naɗa kantomomi su riƙe ayyukan. Wasu sun yi maraba, suna cewa siyasar jam'iyyu da rikicin tsige magajin gari sun cinye lokacin majalisu da yawa. Akwai gaskiya a cikin wannan. Amma akwai abin da ya tafi tare da kansila: mutumin da za ka tare a bakin masallaci ko wurin suna ka ce masa, malam, ina maganar rijiyarmu ta kwana? Kome rauninsa, ɗan ƙauyenku ne, ya san gobe zai dawo neman ƙuri'a. Kantoma na iya zama mai gaskiya da ƙwazo, amma shawarar da a da mutane da yawa ke gardama a kanta yanzu ta taru a teburi ɗaya. Don haka bayani ga jama'a ya fi zama wajibi a yau fiye da jiya.

Kuma ba abu ne mai tsada ba. Kundin sabunta ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu sauran dalilin da zai sa kasafin kuɗin Filinge ko na Cikal ya zauna cikin Faransanci kaɗai, alhali masu biyan lanho Hausa suke ji, da Zabarmanci, da Buzanci, da Fulatanci.

Kiranmu ga shugabannin ƙananan hukumomin Kurfai, ranku ya daɗe, shi ne ku liƙa kasafin kuɗi a ƙofar ma'aikata da bakin kasuwa. Ku zo rediyo duk bayan wata uku ku karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kasuwa-kasuwa. Ku faɗi kuɗin kowace kwangila da sunan garin da za a yi aikin tun kafin a fara. Ku gayyaci masu gari da ardo-ardo, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da wakilan waɗanda suka yi gudun hijira, kafin a tsayar da ayyukan shekara.

Ku kuma iyayena da ƴan'uwana masu saurare, in kun biya, ku karɓi tikiti ku adana, don kuɗin da aka karɓa ba takarda ba lalle ne ya isa asusu ba. Ku yi wa jariri rajista tun kafin wa'adi ya wuce. In an kira taron gari ku je, mata ma su je, ku yi tambaya cikin ladabi, ku kuma jira amsa.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Allah ya ba Kurfai da Nijar baki ɗaya zaman lafiya da damina mai albarka.