Tarnaƙi a Shafukan Intanet na Ƙananan Kamfanonin Manhaja: Darasi Daga Gusau da Tsafe da Bungudu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa mutum ya buɗe shafin intanet ko manhaja da niyyar yin rajista ko biyan kuɗi, amma ya fice bai kammala ba. Ta nuna cewa yawancin cikas ɗin na tasowa ne daga zaton da mai gina manhaja yake yi game da wanda zai yi amfani da ita, kuma ba kowane cikas ne ya kamata a kawar ba.

1.0 Gabatarwa

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin mai leƙe da mai tayi da mai saye. Haka abin yake a shafin intanet: dubu za su shiga, kaɗan za su fara cika fom, waɗanda za su kai ga biya kuwa ba su kai haka ba. Ƙaramin kamfanin da ya biya kuɗin talla a Facebook ya jawo mutane, ribarsa tana ga waɗannan na ƙarshe. Duk abin da ya rage saurin mutum tsakanin shiga da biya, shi wannan maƙala ta kira tarnaƙi, aron sunan igiyar da ake ɗaure ƙafafun dabba da ita. Tun a 1999 kamfanin Amazon na Amurka ya yi rajistar mallakar dabarar saye da latsawa ɗaya, shaidar cewa rage mataki guda ma dukiya ce.

2.0 Ire-iren Tarnaƙi

Na farko shi ne fom. Ana tambayar adireshin imel ga wanda lambar waya kaɗai yake da ita. Ana neman sunan zuriya, alhali Bahaushe da sunan mahaifinsa ko na garinsu yake amsawa, har takardunsa kan saɓa wa juna. Ana neman lambar gida da sunan titi ga mutumin Bungudu, wanda kwatancensa shi ne bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan hakimi. Wasu fama-faman ma kan ƙi karɓar ƙ da ɗ da ɓ, ko alamar da ke cikin suna irin Sa'adatu.

Na biyu shi ne nauyin shafi. Manhajar da aka gwada a ofis mai ƙarfin sabis kan gaza a hanyar Gusau zuwa Tsafe, a kan waya mai ƙaramin rumbu, a hannun wanda ke sayen data ta yini ɗaya. Idan sabis ya yanke shafin kuma ya goge abin da aka riga aka rubuta, da wuya mutum ya sake farowa.

Na uku shi ne harshe da amana. Saƙon kuskure da Ingilishi ba ya gaya wa ɗan kasuwa abin da yake son ji, wato ko kuɗinsa sun fita ko suna nan. Wanda aka taɓa cire wa kuɗi ba su isa ba, ya shafe kwanaki yana sintiri a banki, ba ya bukatar a sake yi masa gargaɗi.

3.0 Abubuwa Biyu da Suka Gwada Manhajoji a Zamfara

A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. An maido da su a Gusau a watan Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Darasin a fili yake: a wannan yanki sabis ba abin dogaro ba ne, don haka manhajar da ke ajiye lissafi a cikin waya, ta aika idan layi ya dawo, ta fi dacewa da mai shago.

Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Zamfara na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023. A waɗannan makonni mai nama da mai hatsi da ɗan acaɓa duk sun koma karɓar taransfa. Manhajojin bankuna da dama sun riƙa sarƙewa, sai jama'a suka karkata ga irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Ɗaya daga cikin sirrin OPay shi ne lambar wayar mutum, in an cire sifirin farko, ita ce lambar asusunsa mai alƙaluma 10. An gina asusun a kan abin da mutum ya riga ya haddace.

A kwatanta wannan da eNaira, wadda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021. Da farko sai mai asusun banki da lambar BVN da babbar waya ke iya buɗe ta, sai a 2022 aka ƙara lambar *997# domin masu ƙananan wayoyi. Ƙarfin hukuma bai hana ta ƙarancin masu amfani ba.

4.0 Tarnaƙin da Ya Kamata a Bari

Sauƙi ma yana da iyaka. A Disamba 2023 Babban Bankin ya wajabta haɗa ko da ƙaramin asusu da BVN ko NIN, sannan a Afrilu 2024 ya dakatar da wasu daga cikin waɗannan kamfanoni daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa har zuwa Yuni. A yankin da ake fama da damfara da garkuwa da mutane, tantance mai asusu kariya ce ga kowa. Haka nan nuna sunan wanda za a tura wa kuɗi kafin a sa lambar sirri: jinkiri ne na daƙiƙu, amma yana hana asara. Ma'aunin shi ne a tambaya wa matakin yake karewa. In mai amfani ne, a bar shi. In kuwa don jin daɗin kamfani ne kawai, a cire shi ko a jinkirta shi har mutum ya ɗanɗani amfanin manhajar.

5.0 Kammalawa

Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauran matasan da ke gina manhajoji, shawarar ita ce su fara da lambar waya, su nemi sauran bayanai a hankali, su rage nauyin shafi, su rubuta saƙonni da Hausa mai sauƙi, su kuma bar hanyar USSD ko ta mai POS a buɗe. Sannan su ƙirga mutum nawa ke ficewa a kowane mataki. Kafin a kashe ko kwabo a talla, a miƙa wayar ga wani mai shago a Tsafe, a zuba masa ido ba tare da an taya shi ba. Inda yatsansa ya tsaya, nan gyara yake.