Ba Wuta, Ba Firji: Me Ya Sa Robar Kunu Ke Kumbura?

Shirin yau na masu sana'ar kunun zaki, kunun aya da zoɓo ne, da mu masu saye.

Ka taɓa buɗe robar kunu ka ji ta yi "fiss" kamar lemon kwalba? To, ba ƙarin daɗi ba ne. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani. Yis yana cin sukari, ya fitar da iskar kabon da sinadarin barasa. Wasu ƙwayoyin kuma su ke kawo tsami. Rufe murfi ba ya tsayar da su, sanyi ne kawai ke rage musu gudu.

Masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka da wannan suke aiki da gangan. Bayan ta gama tsima, sai su auna sukari kaɗan su zuba, su rufe kwalba, su bar ta kamar mako 2 a wajen digiri 20, sannan su kai ta wuri mai sanyi da duhu. Wanda ya yi gaggawar rufewa, ko sukarinsa ya yi yawa, kwalba na iya fashe masa. Burukutu ma haka ne: tana kan tsima ake shan ta, cikin 'yan kwanaki ta yi tsami.

To ina ga kunu mai cike da sukari, a zafin Afrilu da kan kai digiri 40 a Kano? Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a ajiye abincin da ke saurin lalacewa ƙasa da digiri 5. A zafi, ba yis kaɗai ke yaɗuwa ba, har ƙwayoyin da ke ɓata ciki. Ta fuskar addini ma, Sahih Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ba ya shan jiƙon zabibi bayan yammacin rana ta uku.

Mafita fa? Ki dama daidai abin da za ki sayar a yini. Ki wanke robobi da sabulu da ruwan zafi. Ki sa su a kula da ƙanƙara, a inuwa. In babu, akwai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya ci kyautar Rolex a 2000. Tana jinkirta lalacewa, amma ba ta kai firji ba.

Robar da ta kumbura, ko kunun da ya fara kumfa da warin tsami, a zubar. Don Allah kar a ƙara sukari a gauraya da sabo. Asarar roba biyar ta fi sauƙi a kan yaron mutane a gadon asibiti.

Ku tura wa mai kunun unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.