Mai Jinya Ma Tana Buƙatar Mai Duba Ta

'Yan uwa mata, duk shekara in damina ta kankama, daga watan Yuli har zuwa Oktoba, mun san abin da ke biyo baya. Rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, masassara da tamowa su haɗu a kan yara. A lokacin ne za ku ga mata daga Guci, Dungas da ƙauyukan kewaye goye da yara sun nufi likita, wasu a kan babur, wasu a amalanke. Wanda jikinsa ya yi tsanani sai a tura shi babban asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, ta fara aiki tare da ma'aikatar lafiya a shekarar 2005.

A 2018 abin ya kai inda ƙungiyar ta sanar da duniya cewa yara 730 ne kwance a asibitin a lokaci guda, kuma an yi wata guda ana rasa kimanin yara 10 kowace rana. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan akwai mace zaune a gefensa, ko uwa, ko kaka, ko goggo. Ana auna yaro, ana duba jininsa, ana rubuta abin da ya ci. Ita kuwa mai jinyar, sau da yawa ba wanda ya tambaye ta ko ta yi barci.

Abin da masu bincike suka gano

Akwai ma'aikatan jinya da aikinsu shi ne bin diddigin abin da ke sa majinyaci ya warke ko ya rasu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Linda Aiken ta ƙasar Amurka. A 2002 ita da abokan aikinta suka duba asibitoci 168, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa aiki yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Dalilin a fili yake: ido biyu ba sa ganin gado ashirin a lokaci ɗaya. To in haka ne a Amurka, ina ga Magariya a tsakiyar damina? A nan idon da bai barin yaro dare da rana na uwa ne. Ita za ta fara lura numfashinsa ya canza, ko ya ƙi madara, ko jikinsa ya yi sanyi, ta kira ma'aikaci. Matar da ta kwana uku ba barci, hankalinta na kan yara huɗu da ta baro gida da gonar da ciyawa ta cinye, da wuya ta lura da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da damuwa mai tsanani bayan haihuwa. Ku lissafa: in ƙungiyarku mata 25 ce, zai yi wuya a ce babu wadda abin ya taɓa shafa.

An gwada maganin wannan a ƙauyukan Rawalpindi na ƙasar Pakistan, ƙarƙashin jagorancin likita Atif Rahman, aka fitar da sakamakon a 2008. Mata masu ciki kimanin 900 da ke cikin damuwa aka raba gida biyu. Duka ana kai musu ziyara, amma kashi ɗaya matan lafiya na gari da ke ziyartarsu an koya musu yadda za su zauna su saurari mace, su taya ta warware tunanin da ke cin ta, su jawo miji da uwar miji cikin maganar. Ba ƙwaya, ba allura. Wata shida bayan haihuwa, 23 cikin 100 ne kawai suka rage cikin damuwa a wannan kashi, a ɗayan kuwa 53. Nauyin jariran bai bambanta sosai ba, amma 'ya'yan waɗanda aka saurara sun fi samun rigakafi, kuma zawo bai cika kama su ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da tsarin littafin koyarwa don sauran ƙasashe.

Wasa ma magani ne

Yaron da tamowa ta kama yakan yi shiru, ba dariya, ba ƙiriniya, ko kuka ma sai a hankali. Shi ya sa cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyar tamowa mai tsanani, akwai guda da ya ce a riƙa yi wa yaro wasa minti 15 zuwa 30 kowace rana, a rungume shi, a yi masa magana, uwa kuma ta kasance a ciki.

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika an bi yara 129 da girmansu ya tsaya, tun daga ƙarshen shekarun 1980. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 da aka koma, kuɗin da waɗannan yara ke samu ya fi na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100.

Kayan wasan duk muna da su: gwangwani da tsakuwa a ciki an rufe shi gam, ƙoƙo da ludayi, 'yar tsana ta tsumma. Sai dai akwai kunyar ɗan fari, wadda ke hana yarinya ta yi wa ɗanta wasa a gaban mutane. In yaro na jinya, ke kaka ko uwar miji, ke ce za ki ce mata, "Ɗauke shi ki yi masa wasa, ba kunya a ciwo." Kalmarki ɗaya ta isa.

Alamomin da za ku lura da su

Labarin zuciya a tambayi fuska. In 'yar ƙungiya ta kai mako biyu ko fiye ba ta barci, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili, ta daina zuwa taro, ta daina kula da kanta ko jaririnta, ko tana yawan cewa ita ba ta da amfani, kada a tsaya a "ki yi haƙuri" kawai. Haƙuri da addu'a suna da wurinsu, neman magani ma haka. A raka ta wurin ungozoma ko ma'aikacin jinya na CSI. In kuwa ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririn, ko ta fara magana ba kan gado, ranar nan za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Abin da ƙungiya za ta iya

Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasashe da yawa saboda mata sun riƙe amanar juna. Ga abubuwan da za ku iya tsaidawa a taro tun kafin damina:

Na farko, asusun taimako. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kuɗin babur da abincin mai jinya suna kan iyali. A yanke adadin da za a ba duk wadda aka tura Magariya, a ba ta nan take ba sai ranar taro ba.

Na biyu, zubi. Wadda ke jinya a ɗaga mata, ba tara, ta biya in ta dawo.

Na uku, gida da gona. A sa mata biyu su riƙa leƙa yaran da ta bari, a yi mata gayyar rana ɗaya in noma ya matsa. A kira ta a waya a gaya mata an yi. Wannan kiran kaɗai yana iya sa ta runtsa.

Na huɗu, baki. Kada wadda ta ce mata "ke kika yi sakaci". Matar da ke tsoron zargi ita ce ke ɓoye yaro a ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Na biyar, in Allah ya karɓi yaron, kada ziyara ta ƙare da sadakar bakwai. Bayan mutane sun watse ne ɗaki ke yi mata faɗi. A riƙa leƙa ta, a je a ɗauko ta zuwa taro.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A taronku mai zuwa, kafin a buɗe akwati, shugaba ta ware minti goma ta tambaya: wa ke jinya a cikinmu, kuma wa zai je wurinta gobe? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya lada.