Kek Ɗin Cakulan Ba Sai a Kanti Ba

Da yawa daga cikin ma'aikata da ɗalibai sun ɗauka kek ɗin cakulan abincin manyan otal-otal ne, ko kuwa na ranar biki kaɗai. Ba za a ga laifinsu ba. A shekarar 2024 kuɗin tan guda na koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba, saboda rashin kyawun damina da cutar itatuwa a Kwaddibuwa da Ghana, ƙasashen da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Duk da haka, mai ƙaramin albashi yana iya gasa nasa a gida, ko da kuwa ba shi da tanderun lantarki.

Kokon da muke nufi dai ba na gero ba ne wanda ake sha da ƙosai. Ɗan itaciya ne, asalinsa daga nahiyar Amurka, ana kuwa noma shi a nan Nijeriya, musamman a Jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba. A da cakulan abin sha ne mai ɗaci da maiƙo. Sai a 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan ya fito da injin da ke matse man koko ya bar tunkuzarsa, a niƙe ta ta zama gari. Wannan gari shi ne sirrin arahar, domin ɗanɗanon yana cikinsa, mai kuwa bota ta isa ta maye gurbinsa.

Irin kek ɗin da za mu yi shi ne wanda Amurkawa ke kira burauni. Ba ya kumburi kamar kek ɗin ɗaurin aure, shi ya sa ba a sa masa yis ko bakin foda. Ana son shi da nauyi da danshi, ɗan yanka kaɗan ya gamsar da mutum.

Ga ma'auni, da gwangwanin madarar ruwa wanda ba a rasa shi a kowane gida: sukari gwangwani ɗaya da rabi, garin koko gwangwani guda, fulawa gwangwani guda wanda bai cika ba, bota babban cokali 8, ƙwai 2, da gishiri ɗan kaɗan. A lura fa, garin koko zalla ake bukata, mai ɗaci, ba irin su Bournvita ko Milo ba, gama su an riga an gauraya su da sukari da madara don sha.

Da farko a narkar da bota a wuta marar ƙarfi, a sauke, a zuba garin koko tun tana da zafi. Zafin nan shi ke fito da ƙamshinsa, kamar yadda yaji ke tashi in ya haɗu da mai. A wani kwano kuma a kaɗa ƙwai da sukari, a yi ta kaɗawa har minti huɗu ko biyar, sai sun yi fari sun yi kauri. A nan ne yawancin mutane ke ragwanci, alhali kuwa narkewar sukari cikin ƙwai ita ke sa saman kek ɗin ya yi ɓawo siriri mai ƙyalli. In botar ta huce sai a haɗa su. Fulawa ce ta ƙarshe, ita kuwa ba ta son wahala: a juya a hankali, da zarar farinta ya ɓace a tsaya. Yawan juyi shi ke sa ta danƙo, kek ya fito da tauri sai ka ce burodin jiya.

Mai tanderu ya sa shi a digiri 180 na ma'aunin Salshiyos, ya gasa minti 20 zuwa 25. Wanda ba shi da shi kuwa, ya sami babbar tukunya ya zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu uku, ya rufe, ya ɗora a gawayi kamar minti 15. Sa'an nan ya jera 'yan duwatsu uku a kan yashin, ya ɗora kwanon gashi wanda aka shafe da bota, don kada gindinsa ya ƙone, ya mayar da murfi ya zuba garwashi kaɗan a bisansa. Kada a buɗe kafin minti 20, ko da ƙamshi ya cika gida yara sun fara zarya.

Wurin gwaji ne aka fi yin ɓarna. An saba a ce sai tsinke ya fito fes, to wannan dokar wani kek ce. A nan ana son tsinken ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima; in ya fito a bushe, gashi ya zarce. A sauke, a bar shi ya huce sosai, awa guda ko fiye, kafin a kai masa wuƙa. Ma'aunin nan yana ba da yanka 12, a rufaffen kwano kuwa yana kwana uku, sai dai da bazara gara a ci shi kafin nan.